GIDA BIYU MAGANIN GOBARA: WANE NE BAƘO, MATAFIYI KO IYAKA?

A farkon shekarun 1990 wasu malaman jami'a mata su uku a Amurka, Nina Glick Schiller da Linda Basch da Cristina Szanton Blanc, suka yayata wata kalma mai nauyin baki, wai ita tiransnashinalizim. Sun daɗe suna nazarin mutanen Haiti da na wasu tsibiran Karebiyan da na Filifin da ke zaune a birnin Niyok, sai suka lura da abin da ya saɓa wa karatun da suka gada. Tsohon karatun cewa yake yi duk wanda ya yi ƙaura ya tumɓuke saiwarsa ke nan, sannu a hankali zai narke cikin mutanen da ya tarar, jikokinsa ma ba za su san sunan garin kakansu ba. Su kuwa sai suka ga mutum yana aikin ƙarfi a Niyok, amma shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa a Haiti, yana gini a can, ana shawara da shi a kan aure da siyasar garinsu kamar bai taɓa gusawa ba. Suka fitar da bayanin a 1992, suka bi shi da littafi a 1994. Tun daga nan kalmar ta zama abin yayi a jami'o'in duniya, ana taro a kanta, ana cin digiri da ita.

To madalla. Babu mai hankalin da zai ƙi ilmi don ya fito daga bakin wani. Sai dai da za a sami dattijo a bakin masallacin Juma'a na Ƙaraye a warware masa ma'anar wannan doguwar kalma, murmushi kawai zai yi ya ce ai wannan shi ne gida biyu maganin gobara. Kuma ya fi su gaskiya, domin abin da suka gano jiya a Niyok, a kansa kakannin mai karatu suka rayu shekaru ɗaruruwa.

A ɗauki gida guda a ƙasar Rogo, irin gidajen da kowa ya sani. Babban wa yana Jidda yana ɗinki ko dako. Mai bi masa yana Legas ko Fatakwal, da zarar an yi ruwan shuka ya dawo gona, an kai amfani gida ya koma. Akwai wata gwaggo da aka aurar a Maraɗi, akwai kuma labarin wani ƙanen kaka da ya tafi hajji da ƙafa bai dawo ba, ana jin zuri'arsa na Sudan. Na Jidda ba ya bin ta banki. Riyal zai miƙa wa wani amintacce a can, a buga waya, kafin la'asar an karɓi naira a hannun ɗan canji a Wapa, da ita za a sayi taki, da ita za a yi wa ƙanwa kayan ɗaki. In rigimar gado ta taso, ta WhatsApp zai sa baki, kuma ba a yanke magana sai an ji tasa. Wannan gida bai taɓa jin waccan kalma ba, amma duk abin da take nufi yana cikinsa.

TUN KAFIN A ZANA TASWIRA

Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15. A ƙarni na 19 fataucin goro ya kai maƙura. Ayari kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, a yi watanni a hanya kafin a isa Salaga, a arewacin ƙasar da yau ake kira Gana. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali sai wurin ya zama unguwa: ga masallaci, ga makarantar allo, ga mahauta, ga sarkin zango mai raba gardama. Baƙo ba ya sauka a titi. Yana da maigida da zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Wanda ya ci amana a Salaga, labarinsa zai riga shi isa Kano. Wannan ne ya sa har yau ake da Zango a Kumasi da Ankara, ake da Sabo a Ibadan.

Ba tatsuniya ba ce, akwai mutane da sunayensu. Alhasan Ɗantata an haife shi a 1877 a nan Bebeji, maƙwabciyar Ƙiru. Mahaifiyarsa a Ankara ta yi zamanta na kasuwanci, shi ma ya bi hanyar goro, yana cikin na farkon da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, ya dawo Kano ya rasu a 1955 yana attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Malam Umaru Salga haifaffen Kano ne, ya zauna a Salaga, da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete Karachi, a can ya yi limanci da karantarwa da rubuce-rubuce har ya rasu a 1934. Wane fasfo ɗayansu ya nuna a hanyar Gwanja?

Ta gabas kuma hanyar hajji ce. A 1903, da Nasara suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya kama hanyar hijira, ya ratsa ƙasar da ke tsakanin Kano da Zariya, talakawa na barin gonakinsu suna mara masa baya. Aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da gumin Hausawa da sauran mutanen yamma aka noma su. Wasu suka ƙetare Bahar Maliya suka zauna a Makka da Madina. Matasa masu bin ƙwallo sa iya tuna cewa a gasar cin kofin duniya ta 2018, 'yan wasa uku na Saudiyya sunan zuri'arsu Hausawi, har da kyaftin ɗinsu Usama.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta ko da ɗaci: wancan zamani ba aljanna ba ne. Akwai 'yan fashi a hanya, akwai sarakunan da ke tatsar fatake, kuma a cikin kayan da aka yi ciniki a kasuwar Salaga har da bayin Allah 'yan Adam. Wannan abin kunya ne da ba a wanke shi da kirari. Amma talaka mai 'yanci na wancan lokaci yana iya ɗaukar sandarsa da buzunsa ya nufi inda ya ga dama, babu wanda zai kira tafiyar tasa laifi.

INDA KALMAR TA KARKACE

Ita wannan kalma an gina ta ne a kan kalmar ƙasa, irin ƙasar nan mai tuta da take da jami'in shige da fice. Ma'anarta a taƙaice ita ce rayuwar da ta tsallake iyakar ƙasa. Ka ga ke nan tun daga sunan an riga an yanke hukunci: iyaka ita ce 'yar gida, mai tsallake ta shi ne abin mamakin da ya kamata a yi bincike a kansa. A ƙasar Hausa kuwa lissafin a juye yake. Mutanen ne 'yan gida, iyakar ce ta zo ta same su.

Yaushe aka haife ta? A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, alhali ba su san abin da ke tsakani ba. Suka sake ja a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, saboda Faransawa na kukan ba su da hanya mai rijiyoyi da za ta kai sojojinsu Damagaram. Ƙishirwar sojan Faransa ita ce ta tsara inda ɗan Katsina zai zama baƙo. Aka wayi gari layi mai tsawon kilomita kusan 1,500 ya ratsa tsakiyar mutane masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake kiransa, amma shi da Katsina kowa da tutarsa. Tsakanin zamanin Abdullahi Burja da ranar da aka ja wancan layi na farko an haura shekara ɗari huɗu. To wane ne baƙo?

Adalci ne a ce su ma masu kalmar sun farga. A 2002 ita Glick Schiller da wani malami Andreas Wimmer sun yi rubutu suna sukar yadda masu binciken zamantakewa ke ɗaukar ƙasa mai iyaka tamkar halitta ce da aka saukar daga sama. Tun kafin su ma, Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke riƙe cinikin goro da shanu ta hanyar amana tsakanin garuruwa masu nisa. Matsalar ba ta tsaya a ɗakin karatu ba. Ita ce yadda mahukunta suka tsinci wannan tunani, suka ɗauki ɓangaren da ke kawo musu kuɗi, suka watsar da sauran.

MUDU BIYU

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje suka aiko gida a 2023 ya kusa dala biliyan 20. Gwamnati ta ji ƙanshi. An yi dokar kafa hukumar kula da mazauna ƙetare a 2017, an ware musu ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara, ana kiran likitan da ke Landan da injiniyan da ke Amurka jakadun ƙasa. Babu laifi, guminsu ne. Amma shi telan Jidda ɗan Rogo, wanda riyal ɗinsa ke ciyar da mutum goma sha, wa ya taɓa kiransa jakada? Sunansa takari, sunan 'yar uwarsa 'yar Kano-Jidda, ana faɗa ana taɓe baki. Ranar da aka kama shi babu iƙama, gidan tarhil za a kai shi, a sauke shi a filin jirgin Malam Aminu Kano da 'yar jakarsa. Abu ɗaya suke yi shi da likitan Landan, wato riƙe gida biyu. Ɗaya ana buga masa tambari, ɗaya ana buga masa ankwa.

Haka mudun yake a tsakanin ƙasashe. Bature zai sayi tikiti yau ya kwana a wata nahiya gobe. Ɗan Nijeriya mai neman bizar ƙasashen Turai zai biya yuro 90 da ba a mayarwa, kuma a 2024 kusan rabin masu nema aka hana. Bai ishe su ba, sai da suka matso da iyakarsu har cikin Sahara. A 2015, da matsin lambar Tarayyar Turai, Nijar ta yi dokar da ta mai da jigilar matafiya daga Agadas zuwa arewa laifi. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa hanyar da ke da rijiyoyi da jama'a suna bi ta inda in mota ta lalace sai gawa. Sai a Nuwamban 2023 aka soke dokar. Tun kafin ta ma hamada na cin talakawa: a Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a kan hanyar Aljeriya bayan Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, nan arewa da Daura.

Kada kuma a ɗora wa Nasara komai, domin waɗanda suka gaje su sun fi su riƙe layin da ƙarfi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka watsa zangunan da suka girmi ita Ganar. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta rama, aka kori mutum fiye da miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kayansu ta samo suna daga wannan wulaƙanci. Daga 1984 zuwa 1986 gwamnatin soja ta rufe iyakoki daidai lokacin da fari ya kama Nijar, har mutanen can suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 aka sake datsewa, aka yanke wuta, sai Maris na 2024 aka buɗe. Duk wannan kuwa ƙungiyar ECOWAS tana da yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga tun 1979, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga cikinta. A duk waɗannan rigingimu, wane shugaba ne ya kwana da yunwa? Mai kai albasa da mai kora awaki da matar da ke son zuwa jana'izar uwarta a Maraɗi, su ne suka biya.

Su kuwa jikokin masu hijira, bayan shekara ɗari da ɗoriya ana ce musu baƙi. A 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu ta Sudan a kan ko Hausawa na da haƙƙin sarautar gargajiya da ƙasa a wurin, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu. Mutumin da aka haifi kakansa a wurin, in ba nan ne gidansa ba, ina ne?

LAIFIN CIKIN GIDA

Ɗan uwa mai karatu, kafin ka gama jinjina kai, duba gefenka. Cutar layi ta shigo har ɗaka. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihar Kaduna da jihar Katsina, kasuwa ɗaya ake ci, auratayya ɗaya ake yi. Amma yaron da aka haifa a can gefen, in ya zo neman makaranta ko aiki, sai an ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Jihohin nan a 1967 aka fara yanka su, Katsina ma sai 1987, amma ga matasa na ta da jijiyar wuya a kansu kamar da su aka halicce su.

Saurayin da ke kukan an wulaƙanta yayansa a Jidda, shi ne kuma zai kalli ɗan ga-ruwa ko mai shayin da ya zo daga Damagaram ya ce masa ɗan Nijar, da irin muryar da ake ce wa yayan nasa takari. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun taru a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa, aka sami masu tafi. Shin masu tafin sun tuna da 'yan uwansu da ke Sabon Ibadan da kasuwannin Fatakwal? Wanda danginsa suka bazu daga Kumasi zuwa Makka shi ne na ƙarshen da ya kamata ya koyi korar baƙo, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Balle kuma mutumin da kalandarsa ma daga hijira take farawa, wanda ya san Musulmin farko sun sami mafaka a Habasha wajen sarkin da ba addininsu ɗaya ba, ya san yadda mutanen Madina suka raba gida da dukiya da waɗanda suka zo musu.

ABIN DA YA RAGE GA MATASA

Akwai masu cewa maganin abin shi ne kowa ya zauna a gida. Wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma neman halal a ƙasar Allah ba abin kunya ba ne. Mahukuntan da ke wa matasa wa'azin zama su fara amsa tambaya: ga ruwan madatsar Challawa kwance a ƙasar Ƙaraye tun farkon shekarun 1990, matasa nawa aka ba fili da injin ban-ruwa da taki don su yi noman rani a gida?

Amma akwai masu cewa a tafi ko ta halin ƙaƙa, su ma ɓata suke yi. Abin da ya riƙe fataken da shi ne tsari. Bafatake ya san madugunsa, ya san maigidan da zai sauka wurinsa, ya san in ya mutu a hanya akwai wanda zai kai wa iyalinsa dukiyarsa. Yau saurayi zai sa a sayar da gonar gado a miƙa wa wani ejan da ba a san gidan ubansa ba, a ɗora shi a bayan mota zuwa Libiya, ƙasar da a 2017 duniya ta ga hoton ana gwanjon 'yan Afirka a cikinta. Ko a tura yarinya aikatau da alƙawarin baki, tana sauka kafili ya karɓe fasfonta. Wannan kasada ce da rai, kuma kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka duk mai niyyar tafiya ya tambayi kansa abu uku kafin ya ɗaura kaya: wa zai karɓe ni a can, wace sana'a ce a hannuna, wa zai nemi labarina in an ji shiru? In babu amsa, to lokacin tafiya bai yi ba. Waɗanda suka riga suka yi gaba kuma su farfaɗo da aikin zango: 'yan gari ɗaya su san junansu, su yi asusu don mara lafiya da wanda aka kama da gawar da ba ta da mai ita, su faɗa wa na gida gaskiyar wahalar da ke can maimakon hoton da ake ɗauka a jikin motar wani. Na gida su ma su riƙe amana. Sau nawa aka ji wanda ya yi shekara goma yana aiko kuɗin gini, ya dawo ya tarar ko tubali ba a aza ba? Gida biyu ba ya maganin gobara in ɗayan 'yan uwa sun riga sun cinna masa wuta.

Malaman jami'a sa ci gaba da taronsu a kan kalmarsu, Allah Ya ba da sa'a. Abin da ake nema ga matashin Ƙaraye da Rogo shi ne ya san cewa hanyar Gwanja da hanyar hajji sun girmi kowace tuta da ke kaɗawa a Afirka ta Yamma, ya daina jin kunyar ɗan uwansa takari, ya daina wulaƙanta baƙon da ya sauka a unguwarsu, ya kuma ƙi tafa wa duk shugaban da zai rufe wa talaka hanyar abinci don rigimar kujera.

Allah Ya tsare matafiya a tudu da ruwa da hamada, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, Ya sa a gama lafiya. Amin.